Lomar Hannun Dama

Garinmu yana bakin kogi a ƙasar Sudan, ba nisa da Suki. Kakanninmu daga yamma suka taso da niyyar Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. A cikin gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabci, a gona kuwa duk wanda ya riga zuwa baki. Ina noma dawa da gyaɗa a hawashata, wato gonar da aka yanka mini a filin ban ruwa. Bayan ita, ni da taubashina, ɗan kawuna, muna da 'yar gonar albasa a gaɓar kogi, da wani tsohon injin jan ruwa da iyayenmu suka bar mana. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ya girme ni da shekara biyu, kuma tun muna yara bai taɓa ganina ya wuce bai tsokane ni ba.

Ni mutum ne mai yawan damuwa, kowa ya san ni da haka. Sai in rufe ƙofar gida in yi nisa, in dawo in sake taɓa ta. Sai in gama alwala in tsaya ina tambayar kaina ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Shi ya sa har yau nake mamakin yadda ranar da ya kamata in damu, ban damu ba. Igiyar robar da ke juya injin, wadda muke kira ser, ta zame da hantsi. A wurinmu ba a kashe inji don mayar da ser, saboda kafin ya sake tashi sai mutum biyu sun yi gumi. Ana tura shi ne da tafin hannu injin yana juyawa, ya hau da kansa. Na yi haka ya fi sau ɗari. Ran nan ser ya kama hannun rigata, ya ja hannuna na dama ya shigar ƙarƙashinsa.

Ban ji zafi nan take ba. Na dai ji injin ya canza murya, sai na ga taubashina ya warware rawaninsa yana ɗaure mini dantse, bakinsa yana motsi amma ba na jin abin da yake faɗa. A keken jaki aka kai ni bakin titi, daga nan mota zuwa Sinnar. Yatsu uku sun karye, jijiyoyin cikin tafi sun tsinke. Aka ɗinke, aka naɗe hannun cikin jibis, farin abin nan mai tauri kamar siminti, na yi kwana arba'in da shi. Ranar da abin ya faru saura wata biyar azumi, kuma tun ina kan gadon asibiti lissafin da nake yi ke nan.

Dole in faɗi dalili. A garinmu namiji ba ya buɗa baki a cikin gida. Idan la'asar ta yi sanyi sai a share bakin hanya, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarmi a jere tun daga ƙofar liman har gindin darbejiya. Kowane maigida ya fito da siniyarsa, babban farantin da matarsa ta jera abinci a kai. Mutum biyar ko shida su kewaye kowace siniya, su sa hannu a kwano ɗaya. Titin da ke zuwa Dindir ta gefenmu yake bi, to idan rana ta kusa faɗuwa sai dattawa biyu su tsaya a tsakiyarsa, su miƙe rawani daga wannan gefe zuwa wancan. Duk motar da ta zo sai ta tsaya, a sauke mutanen ciki a raba su a kan tabarmi, ko suna so ko ba sa so. Tun ina ɗan shekara goma nake zama a wurin kusa da mahaifina, da ya rasu na gaji gurbinsa. Ban san wani azumi ba sai wannan. Kuma hannun da ake sawa a kwanon jama'a ɗaya ne, na dama.

Ranar da aka fasa jibis ɗin na kalli abin da ya fito ban gane shi ba. Ya rame, fata tana saɓa, yatsun sun lanƙwashe ciki sun tsaya. Taubashina, da ya raka ni, ya leƙo, ya juya ga likitan, wanda a nan ake kira hakim, ya ce, "Kai, wanga ai ƙafar kaza ce. Hakim, ku duba da kyau, ko kun musanya masa da na wani?"

Wata ma'aikaciya ce ke koya wa masu irin ciwona motsa gaɓoɓi. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, amma ba ta wasa. Ta kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana miƙarwa har hawaye ya zubo mini. Ta ba ni ƙwallon roba, ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, "Ya ammi, ka riƙa matsa wannan safe da rana da yamma. Zai yi zafi. Ka matsa duk da haka. Bayan wata ɗaya ka dawo in gani."

Na ce to. Amma a mota muna komawa na fara tunani. Jijiyar da aka ɗinke da zare, idan na matsa ta tsinke fa? A ciki take, ba wanda zai gani. Zafin da ta ce in jure, ta yaya zan bambance shi da zafin tsinkewa? Kafin mu iso gida na gama yanke shawara cewa gara in bar hannun ya ƙara ƙwari tukuna. Na ɗora ƙwallon a kan kabad, na sa hannun a aljihun jallabiya, na bar shi can.

Akwai kuma gaisuwa. Mu nan ba a gaisawa da baki kawai. A dafa kafaɗarka, a kama hannunka a girgiza, a tambayi gida, a sake kamawa, a tambayi gona, a sake kamawa. Wanda ya daɗe bai gan ka ba ya fi matsewa. Duk wanda na hango daga nesa sai in kauce. Na koma bin bayan gidaje zuwa masallaci, ina idar da salla in zame kafin a fara musafaha.

Abinci kuwa a ɗaki nake ci, ni kaɗai, da cokali a hannun hagu, ƙofa a saye. Na je na tambayi liman ko akwai laifi. Ya ce lalura ce, babu komai. Bayan kwana biyu na koma, don na tuna ban gaya masa cewa babban yatsa yana ɗan motsi ba, ko hakan ya canza hukunci. Ya ce bai canza ba. Da na koma karo na uku, ya dube ni ya ce, "Malam, amsar nan tana nan yadda ka bar ta shekaranjiya. Je ka ci abincinka."

Na yarda da shi, amma abin da ke damuna daban ne. Halas ne in ci da hagu a ɗakina. Sai dai kowa ya san aikin da hagu take yi, ta yaya zan tsoma ta a miyar da mutum biyar za su ci? Ko ba su ce komai ba, ni na san abin da zan ji da a ce wani ne ya yi. Cokali kuma a tsakiyar maza a kan asida, tuwon da muke buɗa baki da shi, wannan ko yaro ba ya yi.

Da wata ya cika na koma Sinnar. Ma'aikaciyar ta ɗaga hannun, ta gwada miƙar da yatsun, suka ƙi. Ta ce, "Ina ƙwallon?"

"Yana gida."

"A ina a gidan?"

Maiɗakina ce ta raka ni a wannan karo, kuma ita ba ta iya rufa asiri a gaban likita ba. Ta ce, "A kan kabad yake, 'yata. Har ƙura ta rufe shi."

Yarinyar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jijiyar ta riga ta haɗe tuntuni, abin tsoro yanzu shi ne ta manne da nama ta ƙi tafiya. Ta ce na ɓata wata guda, idan na ɓata wani, hannun haka zai zauna har abada. Muka kama hanyar gida. Ni kuma ina lissafi: saura ƙasa da wata uku azumi.

Na sauko da ƙwallon, amma ya fi ƙarfina. Ina matsawa ba ya ko lotsawa, sai in ga kamar ba abin da nake yi, zuciyata ta karye. Kwana uku maiɗakina tana kallona. A na huɗu ta ɗauki bokiti ta nufi magudanar ruwan gona, ta dawo da baƙar laka irin wadda take yaɓen katanga da ita. Ta cuɗa ta, ta tsince tsakuwa, ta dunƙula kamar ƙwan agwagwa, ta ajiye a rana ta yi ɗumi. Ta shafe mini hannun da man riɗi, ta ɗora mini dunƙulen a tafi.

"Matsa, Malam."

"Idan ƙasar ta shiga wurin ɗinkin fa?"

"Ɗinkin da ya warke tun kafin a cire gyaɗa? Matsa."

Na matsa. Da na buɗe, sai ga shatin yatsuna a jikin lakar, ba zurfi, kamar sawun tsuntsu a bakin ruwa. Amma ga shi nan, ina ganinsa da idona. Ta karɓa ta ɗora a kan katanga ya bushe. Washegari ta kawo wani. Haka muka yi ta yi, kullum na ƙarshe a ɗora shi kusa da na jiya. Ga mutum irina, wanda ba ya yarda da abu sai ya duba sau uku, babu maganin da ya kai wannan. Duk safiya sai in je in tsaya ina gwada na yau da na makon jiya, in sa tsinke in auna zurfin ramin. Wani lokaci kwana biyar ba bambanci, in kasa cin abinci. Sai kuma wata rana in ga ɗan yatsan tsakiya ya nutse.

Taubashina ya leƙo ta kan katanga ya ga jerin. Ya ce, "Masha Allah! Ashe ginin tukwane ka koma. Idan an gasa a ajiye mini biyu."

Daga laka muka koma gyaɗa. Akwai buhun irin shuka da ba a ɓare ba, ta jawo shi gindin rumfa. Ɓarar gyaɗa aikin babban yatsa ne da manuni, su ne kuma nake bukata. Ranar farko guda tara na fasa daga hantsi zuwa azahar, ita ta cika ƙwarya. Muna zaune ƙafa a miƙe, rediyo yana magana ba mai saurarensa, kaji suna zagaye mu. Shekara ashirin da wani abu da aurenmu, ban taɓa zama da ita tsawon yini haka ba. A nan na ji labaran ƙuruciyarta a wani ƙauye kusa da Kamlin, yadda suke tsinkar auduga da kakarta, abubuwan da ban taɓa tambaya ba. Yanzu idan na tuna shekarar, ba asibiti nake fara gani ba. Rumfar nan nake gani, da ƙarar ɓawon gyaɗa.

Cikin Sha'aban na iya sa maɓallin riga, na iya riƙe buta, na fara jan carbi da dama. Sai na shiga abin da ya fi damuna. Kowace safiya maiɗakina takan ajiye mini sauran tuwon jiya, in rufe ƙofa in zauna ina koyon loma kamar yaron da aka yaye. In gutsura, in murza, in yi rami da babban yatsa, in ɗebo miya, in kai baki. Da farko rabi a ƙasa yake ƙarewa. Kafin ƙarshen wata ina kai goma ba ta faɗi ba.

Duk da haka, da aka ga wata ban fita ba. Na ce a bari in ƙara kwana biyu. Taubashina ne yake zagayowa ya ɗauki siniyata ya kai, ni kuma in zauna a tsakar gida da dabino uku da kofi, ina jin hayaniyarsu ta bayan katanga. Ina jin ƙarar mota ta tsaya, ina jin ana yi wa matafiya bisimilla da Larabci, "Itfaddalu, itfaddalu, wallahi sai kun sauka!" Ina gane muryar kowa.

Idan ya dawo da siniyar sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ina mai jegon? An ce in gaishe ta, yaushe za a yi suna?"

Ranar huɗu ga azumi maiɗakina ta gama jera komai, asida da miyar busasshiyar kuɓewa, dafaffen wake, da jug na hilu-mur, jan abin shan nan da ba a azumi sai da shi. Rana ta yi ƙasa, taubashina bai zo ba. Na buga katanga. Ya amsa daga can, "Bayana ya riƙe, ɗan gwaggo. Tawa ma da ƙyar zan kai."

"To tawa fa?"

"Ka ba kaji."

Na dubi maiɗakina. Mace ba ta kai siniya wurin maza. Siniyar gida kuma ba ta fashi, ko ranar da aka yi rasuwa a gidan sai ta fita. Ta ɗaga ta ta ɗora mini a ka. Na tallafe da hagu, na kama gefe da dama, na fita. Da na iso, ga taubashina zaune daram a tabarma, bayansa lafiya lau, har ya matsa ya bar mini gurbin mahaifina.

Ba wanda ya yi wata magana mai yawa. "Marhaba, Malam." "Sannu da fitowa." Ina shirin in sha ruwa in ce cikina ba daɗi in tashi, sai aka tsayar da wata babbar mota mai ɗauke da buhunan gawayi. Aka kawo direban, wani dattijo Balarabe mai furfura, aka zaunar da shi daidai gabana. Aka kira salla, muka ci dabino, muka sha ruwa. Sai ya zauna yana jira. Baƙo ba ya sa hannu sai mai siniya ya yi bisimilla ya fara. Mutumin nan tun asuba yake tuƙi cikin zafin nan, leɓɓansa sun bushe, kuma ni yake jira.

Na fito da hannun na ce bismillahi, na kai cikin kwano. A nan na gane kuskurena. Wata guda ina koyo da tuwon da ya kwana, mai sanyi, mai tauri, wanda ke tsayawa inda aka sa shi. Wannan asidar kuwa yanzu aka sauke ta, laushi gare ta kamar kunu mai kauri, ga miyar kuɓewa tana santsi. Na gutsura, na ɗago, kafin ta kai rabin hanya ta zame ta faɗi a gefen siniya. Na ji kamar duk jerin tabarmin ya juyo yana kallona.

Direban dai ya ga an fara, ya sa hannu ya ci gaba da ci, bai ko ɗago ba. Taubashina kuwa sai ya ɗaga murya ya shiga ba shi labarin wani jakinsa da ya ƙi tsallaka gada, labarin da kowa a garin ya ji ya gaji. Yana magana yana yanko asidar daga bakin kwano, inda ta fara hucewa ta yi fata, yana turo ƙananan gutsattsari gabana kamar yadda ake tura wa babba nama. Idonsa yana kan baƙon. Na ɗauki ɗaya, ta tsaya. Na taɓa miya kaɗan, na kai baki. Na ɗauki ta biyu. Loma bakwai na ci a ranar, na ƙirga. Da aka tashi salla direban ya kama hannuna ya girgiza da ƙarfi yana sa albarka, na ji zafi har kafaɗa, amma ba abin da ya tsinke.

Da na koma gida da siniya, maiɗakina ta zuba mini ruwa in wanke hannu, sai ta riƙe shi ta juya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi duk sun yi bororo. Asidar farko ce ta ƙona ni, ban sani ba, don ashe yatsun nan biyu ba su dawo da jin zafi ko sanyi ba tukuna. Da tuwo mai sanyi ba yadda za a yi in lura.

Na ce, "Kin gani ko? Gobe ba zan fita ba. Idan ya zama gyambo fa? Idan ya shiga jijiyar?"

Ta shafa man riɗi ta naɗe da tsumma mai tsabta. Ta ce, "Da uku za ka ci, sauran biyun ka ɗaga su sama. Fita kuwa za ka yi."

Washegari tun kafin la'asar na ji tana tuƙa asida, alhali sai dab da magariba ake yi don ta isa da zafinta. Ta zuba ruwa kaɗan, ta tuƙa ta da tauri, ta juye a kwano ta ajiye a inuwa ba murfi. Da na kai ta tabarma ta huce sarai. Wani maƙwabcinmu ya sa hannu ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan ta jiya ce aka ɗumama, ko ɗumamawar ma ba a yi ba?"

Taubashina ya ce, "Itace ya yi musu wuya. Ka ci ka yi shiru."

Haka aka yi har ƙarshen watan. Kullum asidar gidanmu a huce take zuwa, kullum sai an sami mai ƙorafi. A wajen mata ma maganar ta zaga, har wata ta aiko wa maiɗakina da shawarar yadda ake rufe kwano da kyau, ita da aka san ta da iya tuƙi tun tana amarya. Ta ce ta gode, ba ta yi wa kowa bayani ba. Ina jin mazan sun gane tun a makon farko, don na lura masu ƙorafin ba sa canza siniya, kuma kwanon a share yake komawa gida. Yau mutanen jerin nan sun watsu, wasu suna gabas, wasu sun riga mu gidan gaskiya, hannuna kuma har yanzu ba ya dunƙulewa gaba ɗaya idan sanyi ya shigo. Amma a azumin nan, daga ranar huɗu har aka ga watan salla, ban sake buɗa baki a cikin gida ba.